Tozon Magariba

Ku matso kusa, ku jawo tabarmar nan cikin inuwa. Akwai maganar da ta daɗe a bakina, ni Rakiya mai kitso, wadda duk Dakwaro ta shaida bakinta ba ya hutawa. Hannuna na aiki, harshena na aiki, haka Allah ya yi ni. Sau ɗaya tak na kama bakina inda ya kamata in buɗe, kuma wannan sau ɗayan ne ya ci mu.

Azumin bana ne ya tono min ita. Kun ga yadda ya faɗo tsakiyar bazara, ya zagayo daidai inda ya taɓa samunmu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Iska in ta taso sai ka ce an buɗe bakin tanda. Autata Mariyama ta zo daga Yamai za ta yi goman ƙarshe tare da ni. A kamfanin kuran take aiki, wutar lantarki ke nan, kamar mahaifinta. Ta baza ordinatar ɗinta, na'urar nan da wasu ke ce wa kwamfuta, a ƙarƙashin rumfa, ina tsintar zogale tana danne-danne.

Na ce, "Wai ke wane irin aiki ne wannan da ko azumi bai ɗaga wa ƙafa?"

Ta ce, "Inna, gobe nake dubawa."

"A'uzubillahi! Duk karatun lakwal ɗin da aka yi miki, duba kika koyo?"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce ba irin wannan duban ba. Wai suna da lissafin wutar da gari ya sha a shekarun baya, awa bayan awa. Sai su zuba wa na'ura, ita kuma ta tsamo abin da ke maimaita kansa: na kowace rana, na kowane sati, na kowace shekara. Sannan su gaya mata zafin da ake sa rai, su gaya mata azumi ne ko ranar kasuwa. Daga nan ta ce musu gobe, in gari ya fi jan wuta, zai ja tsakanin kaza da kaza. Da haka suke sanin injin da za a tayar da wanda za a bari ya huta.

Na ce, "To ai kitso ne. In na ga layi uku na san inda na huɗu zai bi."

Ta ce, "Shi ke nan, Inna. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne tozo."

Zogalen ya suɓuce daga hannuna. Na ce wa ya koya mata wannan kalma. Ta ce, "Ke mana, tun ina ƙarama. Kin ce haka Baba yake cewa. Inna, kayensa, littattafan nan da yake rubutu a ciki, suna nan? Ina son in gani."

Suna nan. Guda biyar, a ƙasan akwatina, ɗaure da tsohon ɗankwali.

Bari in koma baya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ban taɓa faɗin sunansa ba yana raye, yanzu ma ba zan fara ba. Malam nake ce masa, mutanen gari kuma Malam na Santaral. A wancan zamanin Dakwaro da injinanta take samun wuta, a wani gida mai rufin kwano da ake kira santaral, katanga biyu tsakaninsa da gidanmu. Inji biyu ne. Babban ana ce masa Bajimi, ƙaramin Maraƙi. Bajimi ke ɗauke da gari, in magariba ta gabato aka fara kunna fitilu sai a tada Maraƙi ya kama masa. Kuma wannan wutar ce ke tura ruwa zuwa shato, babban tankin da ke ba famfunan gari.

Malam mutum ne mai tsari har ya so ya yi yawa. A jikin Bajimi akwai wani agogo mai allura da ke nuna nauyin da gari ya ɗora masa. Kowace awa sai ya duba allurar ya rubuta a kaye. Ba wanda ya sa shi. Ranar Juma'a bayan masallaci ya zauna da ma'auni da jan alƙalami, ya mai da lambobin zane. Ya taɓa nuna min. Layi ne yake tafiya a kwance kamar gadon bayan saniya, sai ya tashi ya yi tudu, sannan ya gangara.

Ya ce, "Kin ga wannan? Tozo ke nan. Kowace rana da tozonta, da magariba. Kowace shekara da nata, a ƙarshen bazara kafin ruwa ya sauka. In na san tozon bara da na bara waccan, na san na bana."

Na ce, "Malam, ni ba sai na duba takarda ba. Daga nan ina jin Bajimi yana nishi."

Ya ce, "Me kika ce?"

Ƙarar inji ta riga ta cinye masa rabin kunne. Ni kuwa kunnena kamar na zomo. Ina tsakar gida na san lokacin da mai walda ya fara aiki, na san lokacin da famfon shato ya kama, duk daga muryar Bajimi. Shi da ido da takarda, ni da kunne. Da mun haɗa su wuri ɗaya, da ba wannan labarin nake ba ku ba.

To, ga inda abin ya faro. Sana'ar kitso tana da doka, kakata ta koya min ita tun kafin ta koya min tsaga. Mace in ta ɗora kanta a cinyarki, ta ba ki wuyanta ne. Abin da ta faɗa a nan, a nan yake mutuwa. Za ki iya surutun duniya a kan farashin gero da wadda ta haihu da wadda ta yi yaji, amma maganar kan cinya ba ta ƙetare zaure. Saboda haka mata suka yarda da ni, saboda haka kuma gidana bai rabo da su.

Saura kamar wata guda azumi, Hajiya Saratu ta zo kitso. Matar wani ɗan kasuwa ce mai zuwa Maraɗi da kamyo, babbar motar kaya, mace mai fara'a da son a san ta fara abu. Ina tsaga mata ta rage murya.

"Rakiya, bana ba za mu sha ruwa da ruwan randa mai ɗumi ba. Alhaji ya sawo min firigo, irin mai kwanciya. Ƙanƙara zan yi ta sayarwa."

"Kai, Hajiya, Allah ya sa albarka!"

"Amin. Amma ki ji, kan cinya ce. Kada Malam ɗinki ya ji. Kin san shi, yanzu zai zo da kayensa ya ce wayar gidanmu ba ta isa ba, a jira takarda daga Maraɗi. Kafin takarda ta zo an yi Sallah."

Na ce, "Kan cinya ce, Hajiya."

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Wannan ta yi adashi ta aika, waccan ɗanta ya turo mata daga kudu, wata ta sayar da tumakinta. Tsofaffin firigo ne da aka sha amfani da su, suna shigowa a bayan kamyo a ƙarƙashin buhunan albasa. Kowace ta zo kitso sai ta raɗa min nata, tana zaton ita da mutum biyu ne kawai. Ni kaɗai a duk garin na san adadinsu: goma sha bakwai. Dukansu a rufe da zannuwa a ƙuryar ɗaki, ana jiran ganin wata a jona su. Bayan haka matan masu injin niƙa biyu na bakin kasuwa suka gaya min mazansu sun gaji da tsadar man gazuwal, sun kawo wani daga Maraɗi zai mai da injinan kan kuran a ɓoye, kafin niƙan azumi.

A daidai wannan lokaci Maraƙi ya fara ciwo. Hayaƙi baƙi, mai yana zuba. Shef, shugaban su Malam, ya zo daga Maraɗi ya duba, ya ce sai an ɗauke shi an kai can, wata guda ko fiye. Ya ba Malam zaɓi. In ya ga Bajimi ba zai iya shi kaɗai ba, za a aro masa wani inji da aka yi niyyar kai wa wani gari, su can su yi haƙuri. In ya ga zai iya, ya sa hannu.

Ranar, bayan la'asar, Malam ya shimfiɗa kayensa biyar a tsakar gida. Ina gefe ina dakan yaji, Mariyama na goye a bayana, wata bakwai gare ta. Yana lissafi yana magana shi kaɗai da ƙarfi, kamar yadda masu nauyin kunne suke yi. Ya ɗauko tozon azumin bara da na bara waccan. Ya ja azumi baya da kwana goma sha ɗaya. Ya ƙara gidajen da aka ba sabuwar wuta, ya ƙara fitilun masallatai na asham, ya ƙara wani abu a kai wai saboda halin rai. Sannan ya ja layi da jan alƙalami.

Ya ce, "Zai iya. Da ɗan sarari ma. Ba zan sa a hana wani gari wuta da azumi ba, alhali namu ya ishe mu."

Taɓaryar ta tsaya a hannuna. Wallahi maganar ta zo har kan harshena. Na ce, "Malam."

Ya ɗago. "Na'am?"

Sai na ga fuskar Hajiya Saratu, na ga sauran goma sha shida. Na ce a raina, firigo ai akwati ne mai sanyi, nawa zai ci? Bajimin da ke tura ruwa har saman shato?

Na ce, "In sa maka kuka ko kuɓewa?"

Ya ce, "Kuɓewa." Ya koma kan takardarsa. Washegari ya sa hannu, kamyo ya tafi da Maraƙi.

Aka ga wata. Ba zan yi muku ƙarya ba, kwanakin farko sun yi daɗi. Mu tashi sahur mu sha hura, da safe in tari ruwa a famfo in cika randuna tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Kafin azahar ƙasa ta ɗau zafi, kaji sun buɗe baki a gindin bedi, ba mai motsi. Da la'asar gari ya farka, a kai niƙa, a dama kunun tsamiya, a soya ƙosai. Sai ga sabon abu: ƙanƙara a leda, ana yawo da ita a kwano an lulluɓe da tsumma. Ranar da na fara shan ruwa da ita, na ji sanyin ya bi maƙogwarona ya sauka har cikin ƙashi, sai da na yi hawaye. Tsofaffi suna ta sa wa Hajiya Saratu albarka. Ni kuma kyauta ake aiko min, yau daga wannan gida, gobe daga wancan. Har Malam nake aika wa a santaral. Ya tambaye ni sau ɗaya inda na samu, na ce a maƙwabta. Ya ce Allah ya saka.

Amma kunnena bai bar ni na ji daɗin ba. Tun ranar farko muryar Bajimi ta sauya. Da can yana tafiya ne kamar daka mai kyau, taɓarya na bin taɓarya. Yanzu da la'asar, in injinan niƙan nan suka kama, sai ya yi ƙasa da murya kamar an shaƙe shi. Dukum-dukum ɗin gazuwal da na saba ji daga bakin kasuwa ya ɓace, sai wani zuuu siriri. Ni ina ji. Malam ba ya ji. Allura kawai yake gani tana haye jan layinsa, bai san dalili ba.

Ya daina dawowa shan ruwa gida. In ya shigo da hantsi idonsa ja, rigarsa sharkaf, ya zauna ya buɗe kaye ya rufe.

"Rakiya, lissafina bai taɓa yi min haka ba. Kamar an ƙara wa garin wata unguwa da ban sani ba."

Kun ga, ko a ranar da na faɗa, da an yi wani abu. Da ya bi gidajen ya roƙe su su kashe daga la'asar zuwa isha'i, da ya ce masu niƙa su yi da safe. Amma yanzu tsoro ya haɗu da amana. In na faɗa, zai ce tun yaushe kika sani? Na ce, "Wataƙila zafi ne, Malam." Ya ce zafin ma ya sa shi a lissafi.

Ya gwada raba wutar, yau a yanke wa wannan unguwa da magariba, gobe waccan. Kwana biyu aka yi gari ya ɗauka. Wani babba daga cikin waɗanda ba a yi musu musu ya aiko a kira shi, ya ce, "Ba kai ka sa hannu cewa inji ya isa ba? To kada a sake yanke wa Musulmi wuta suna shan ruwa." Malam ya aika Maraɗi, aka ce Maraƙi yana nan a warware, kayan gyaransa ba su iso ba. Shi da tsohon mai gadin santaral suka koma kwara wa rufin kwano ruwa da guga, suna jiƙa buhuna suna rataye wa a taga, ko injin ya samu iska mai sanyi.

Ranar sha bakwai ga wata, tun azahar na san akwai magana. Iska ta ɗauke ɗif. Bajimi yana wani kuka da ban taɓa ji ba, kamar akwai tsakuwa a ƙirjinsa. Na shimfiɗa tabarma, na jera kunu da dabino, na jefa ƙanƙara a kwanon sha. Ladan ya fara kira a amsa-kuwwa. Ya yi kabbara ta farko, ya shiga ta biyu, sai muryarsa ta yanke a tsakiya. Na ji Bajimi ya yi tari sau biyu, wani ƙarfe ya buga wani ƙarfe, shi ke nan.

Shekara biyar ban ji shirun garin nan ba sai ranar. Har kukan jakin Birnin Lalle ka ce za ka ji. Can sai ga muryar ladan, tasa ta Allah, ƙarama, daga nesa, yana ƙarasa kiran. Na ɗaga kwanon na sha, don azumi sai an buɗe. Ƙanƙarar tana bugun haƙorina.

Duhu ba komai ba ne, da fitilar ƙwai muka girma. Ruwa ne tashin hankali. Kwana biyu shato ya ƙafe. Ku da kuka san ƙasarmu kun san ruwanmu ba a kusa yake ba. Rijiyoyinmu sai an ɗaura igiya a jikin raƙumi ko sa, ya yi tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin wasaki, babban gugan fata, ya fito. Kuma bazara ce, makiyaya sun gangaro daga wajen Azagor da dabbobinsu, kowace rijiya da layinta. Gari guda ya fita ya sami garke a bakin ruwa.

Muna idar da asuba za mu ɗau tuluna. Ni da Mariyama a baya, tulu a ka, tafiya a cikin rairayi mai cinye ƙafa. A bakin rijiya mu jera tuluna, mu zauna a inuwar gawo, ba mai magana saboda yawu ya ƙafe. Buzaye da Fulani, Allah ya saka musu, su suka tsara abin: wasaki biyu na dabbobi, ɗaya na mutanen gari. Wata Bafulatana da ban san sunanta ba ta ga yadda Mariyama ke kuka, ta karɓe ta ta shafe ta da jiƙaƙƙen zane, ta ce min, "Nononki ya janye, ki ajiye azumin nan, Allah ba ya son wahalarki." Ban ajiye ba. Gani nake kamar bashin wahala ne a kaina.

Tulu ɗaya shi ne na sha, shi ne na girki, shi ne na alwala. Ruwan wanke gero a ba akuya. Wanka sai dai a jiƙa tsumma. Niƙa ya koma turmi da dutse, mu haɗu gida ɗaya mu huɗu mu biyar muna daka da azumi a baki, in jiri ya ɗebi ɗaya ta zauna wata ta karɓa. Tsofaffi biyu aka binne a unguwarmu cikin kwanakin nan, ɗaya surukar Hajiya Saratu ce. Aka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ne. Amma na ga leɓunanta.

Su kuma firigo, kwana uku suka fara wari, don wasu sun cusa nama a ciki. Dole aka jawo su tsakar gida aka buɗe. Abin da aka ɓoye a ƙurya ya fito rana, wasu ma aka mai da su randa.

Malam bai zauna ba. Da ya ga ba abin da zai iya yi wa Bajimi, sai ya ari jaki da garwa huɗu. Mutumin da ke sa farar riga da agogo, shi ne ya koma ɗan garuwa, yana kai wa gidajen tsofaffi da masu jego ruwa kyauta, gida-gida, tun safe har la'asar. Bai hana a yi masa ba'a ba. In ya wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya, don sun san sai da ƙarfi yake ji.

"Malam na Santaral! A duba mana a kaye, yaushe za a yi ruwan sama?"

"A'a, ku bar shi, bokan takarda ne. Aljanunsa sun tafi Maraɗi gyara!"

Sai ya ja jakinsa ya wuce. Ni ce nake ji daga cikin gida, kowace kalma, har da waɗanda suka faɗa a hankali.

Hajiya Saratu ta zo min bayan addu'ar uku, ta tsaya a zaure ba ta shigo ba. Ta ce, "Rakiya, kin dai riƙe?" Na ce na riƙe. Ta ce, "Allah ya rufa asirinki yadda kika rufa namu." Ta tafi. Ban san ko addu'a ce ta kama ni ba.

A haka aka yi Sallah, ba kitso, ba lalle, kowa da ƙurar rijiya a ƙafa. Kwana huɗu bayan Sallah kamyo ya dawo da Maraƙi, da Shef, da wani sabon mutum da zai karɓi aikin. Shef bai yi faɗa ba. Ya fito da takardar ya nuna wa Malam sa hannunsa. Malam ya ce, "Nawa ne." Ya miƙa makullai. Ya kwaso kayensa biyar ya dawo gida, ya zauna a zaure ya yi ɗan rubutu a na ƙarshen, ya ba ni ya ce in adana. Da magariba muka ji Maraƙi ya tashi, gari ya ɗau guɗa. Shi ko ɗagowa bai yi ba. Ina jin bai ji ba.

Sati uku bayan haka ruwa ya sauka, irin mai ƙamshin nan da ke sa mutum ya so ya ci ƙasa. Malam ya ɗau hauya ya nufi wata gonar gado a hanyar Kwarnaka. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana noma gero kafin Allah ya karɓi abinsa. Bai sake riƙe alƙalami ba. Bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa tada zancen ba. Abu ɗaya ne bai bari ba: duk magariba, ko yana alwala, sai ya juya hannu ya dubi agogo. Ƙanƙara kuwa, ko an kawo, sai ya ce a ba yara, haƙorinsa ba ya so. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, in an gama shuka, in an gama girbi, in an aurar da wance.

Yanzu wuta daga nesa take zuwa mana a kan dogayen turaku, santaral ya zama wurin ajiye tsofaffin ƙarafa. Kowane gida da firigonsa a fili, ba mai ɓoyewa. Ana ɗaukewa, ana kawowa, mutane su yi tsaki su duba talho, wayar hannunsu. Ni dai ba abin da nake ji. Wutar yanzu ba ta da murya.

Kwana uku Mariyama ta yi tana kwashe lambobin mahaifinta tana zuba wa na'urarta. Jiya bayan la'asar ta kira ni.

"Inna, zo ki gani. Na ba ta duk abin da Baba ya rubuta kafin azumin nan, na ce ta faɗa min tozon da za a yi. Kin san me ta ce? Abin da ya ce. Kusan daidai da jan layinsa. Da ni ce a wurin, da na sa hannu."

Na ce, "To."

"Bai yi kuskure ba, Inna. Lissafi abin da ya taɓa faruwa kawai ya sani. Wani abu ne ya shigo garin nan wanda babu shi a kaye. Mu ma yanzu shi ne ke kayar da mu, shi ya sa muke aika mutane su bi unguwa su yi tambaya." Tana magana tana juya shafi. Sai ta tsaya. "Akwai rubutu a bangon ƙarshe."

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa kawai, shi kuma da Faransanci ya rubuta. Shekara talatin da 'yan kai ina ɗaga kayen nan ina kakkaɓe musu gara, ban san me ke ciki ba. Na ce ta karanta min.

Ta karanta a zuci tukuna. Ta dube ni. Sannan ta mayar min da Hausa, a hankali.

"Firigo goma sha bakwai, injin niƙa biyu. Na ƙirga su da nake kai ruwa. Matan gidajen duk a gidana suke kitso. Rakiya ta sani. Ni ban tambaye ta ba."

Ta rufe kayen. Ladan ya kira. Ta tashi ta buɗe firigo, ta kawo min ruwa da ƙanƙara a ciki, ta durƙusa ta miƙo. Na ce ta ɗebo min na randa.

Tun jiya nake juya layin nan na ƙarshe. Ita Mariyama cewa ta yi laifin ya ɗora wa kansa. Wataƙila. Amma ni na zauna da shi, na san yadda yake ɗagowa ya ce "Na'am?" ko ban kira shi ba. To ku da kuka ji, ku gaya min tsakani da Allah: mutumin da ya san kin sani, ya ci tuwonki shekara goma sha ɗaya bai taɓa tada maganar ba, yafe miki ya yi, ko jira yake ki fara?